Allon Tagullar da Kaka Ya Buga

Ku da kuke bin labarina, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Sati biyu ke nan ina buɗe waya in rubuta, sai in rufe. Ni dama ba mai saurin rubutu ba ne, ina shekara goma sha shida na bar makaranta na shiga aikin tumatir. Kuma abin da zan faɗa yau ba abin alfahari ba ne. Waɗanda suka turo mini saƙo suna cewa "Teun mutumin kirki ne, Linde ta yi dace," ku karanta wannan tukuna.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Teun. Ina aiki a gidan gilashin da ake noman tumatir a ciki, na Kawu Arie, yayan mahaifiyata, nan yankin Westland. Mama ce ke riƙe da ɗakin cin abincin ma'aikata. Linde kuwa ita ke kula da layukan shuka daga na goma zuwa na ashirin, kuma da hanci kawai tana gane shukar da ciwo ya kama tun ganye bai nuna ba. Wata takwas ke nan muna tare.

Da aka haifi Linde an ce namiji ne, aka sa mata sunan maza, da shi ta fara aiki a wurinmu tana shekara goma sha bakwai. Shekara huɗu da suka wuce ta miƙe a lokacin shan kofi na ƙarfe goma, da kofi a hannunta, ta ce ita mace ce, tun tana ƙarama ta sani, daga yau a kira ta Linde. Tsohon sunan ba za ku gan shi a rubutuna ba.

In faɗi gaskiya, Kawu Arie bai yi ƙasa a gwiwa ba. A satin ya sa aka ɗinka mata sabuwar rigar aiki da sunanta a ƙirji. Wani direba da ya yi mata shaƙiyanci a wurin lodi, Kawu ya ce kada ya sake taka masa harabar. Da aka zo yin babban hoton da ke bakin ƙofa na neman ma'aikata, an tambaye ta, ta yarda, tana nan a tsakiya da kwandon tumatir tana dariya. Shi ya sa abin da ya faru ya fi ciwo. Babu mugu a cikin labarin nan.

A ɗakin cin abincinmu akwai bango guda na allunan tagulla, kowanne kamar tafin hannu. Duk wanda ya cika shekara goma sha biyu da rabi yana aiki, a yi masa liyafa ranar Juma'a, a kafa allonsa. Kaka, mahaifin su Mama, shi ya fara abin. Ranar da aka tabbatar da mutum a aiki, sai ya shiga rumfarsa da guduma da ƙarafan haruffa, ya buga sunan a tagulla, ya jefa a durowa. Yakan ce, "Na ajiye maka wuri, saura kai ka cika." Wanda ya gudu kafin lokaci, allonsa ya zama abin ɗora tukunyar shayi.

Allon Linde, mai ɗauke da tsohon sunan, shi ne na ƙarshe da Kaka ya buga. Bayan sati uku shanyewar jiki ta kama shi, hannun bai sake riƙe guduma ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Wata Laraba muna cikin layi na sha huɗu, tana sama a kan amalanken da ke tafiya bisa bututun ɗumi tana naɗe kan shuka a igiya, ni ina ƙasa ina tsinke ganye. Gashinta ja ta ɗaure shi da ƙyalle mai ruwan ƙwai, hannuwanta sun yi kore-kore har gwiwar hannu.

"Dogo," ta ce, haka take kirana. "Saura sati uku."

"Na sani. Mama har ta yi odar kek mai kirim."

"Ba kek nake nufi ba. Abin da ke cikin durowa."

Na daina tsinka.

"Ba na son in gan shi, Teun. Ba na son kowa ya gan shi. In babu wani allon, a bar wurin haka, ba zan mutu ba."

"Zan buga miki sabo," na ce. "Da hannuna."

Ta leƙo ta saman shukar tana dariya. "Kai? Kai da ko katin murnar haihuwa sai ka tambaye ni yadda ake rubuta shi?"

"Haruffa biyar ne fa."

"To Allah ya tsare tagulla."

Ranar Asabar da rana na buɗe rumfar Kaka. Warin mai da tsatsa na nan kamar jiya ya fita. Na ɓata allo biyu. A na uku harafin farko ya ɗan karkace, na ƙarshe ya nutse fiye da sauran, amma ana karantawa. LINDE. Na goge shi da tsumma har na ga hancina a ciki.

Lahadi bayan coci ana haɗuwa gidan Mama shan kofi, kamar kullum. Labule fari mai raga, agogon Kaka a bango, gwangwanin biskit mai hoton jirgin ruwa. Mama ta buɗe shi, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe. Tun ina yaro ban taɓa ganin an bar gwangwanin nan a buɗe ba. Sau biyu Linde ta zo wannan kofin. Mama ta karɓe ta da ladabi, amma ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "abokiyar aikinka," sai "ita." Kuma ba ta fasa ambaton Annemiek, 'yar masu gonar barkono, wai har yanzu ba ta da kowa.

Na ciro allon na ajiye kusa da kofin Kawu Arie.

Ya juya shi. "Wa ya buga wannan, makaho?"

"Ni ne, Kawu. Shi za a kafa."

Mama ta ajiye butar kofi a hankali. "Na Baba fa?"

"Mama, ba sunanta ba ne."

"Hannunsa ne." Muryarta ba ta tashi ba, sai dai ta yi siriri. "Ina tsaye ya buga shi. Yana ta ƙorafin yatsunsa sun yi sanyi, ashe ciwon ne ke zuwa. Shekara goma sha biyu ina buɗe durowar nan in duba shi, ina jiran ranar da zai hau bango kusa da sauran. Yanzu ka ce a ɗora masa tukunya?"

"Ban ce haka ba."

"Me ka ce to? Na ƙyale ka, na yi shiru a kan abin da kake yi, ko jika ban sake tambayarka ba. Wannan ɗaya ma sai an karɓe?"

Kawu Arie ya ɗaga hannu, ya dubi Mama. "Truus, ya isa. Teun, ya isa. Gobe akwai taro, a kai maganar can, kowa ya faɗi ra'ayinsa."

Haka muke. A wurinmu ko irin kofin da za a saya sai an yi taro, an saurari kowa, an nemo tsakiya. Kuma bisa al'ada, wanda za a yi wa liyafa ba ya shiga taron shirinta, don kada a ɓata masa mamaki. Litinin da safe aka tura Linde can ƙarshen gidan gilashi ta duba akwatunan ƙudan zuma, mu goma sha tara muka zauna.

Siem ne ya fara, tsohon da ya fi kowa daɗewa, allonsa har ya yi baƙi. "Ni dai da yarinyar nan na fara koya wa mutum riƙe wuƙa. Shekara takwas da wancan sunan ta yi su, su ma aiki ne. Ko share su za mu yi?"

"Wa ya ce a share?" in ji wata daga wurin shirya kwali. "Sunan mutum shi ne wanda ya ce a kira shi, Siem, ba wanda ka saba ba."

"Ke ma yau kin tashi da wa'azi. Ai ina kiranta Linde, ko ba na kira?"

"Bayan ka yi wata shida kana cewa 'kai, wane, au, wance.'"

Aka yi dariya. Mama na jingine da injin kofi tana kallonmu. Aka yi ta ja har kofi ya huce. Can Kawu Arie ya buga tebur da cokali.

"Ga shawara. A kafa biyun. Na Baba a sama, na Teun a ƙasa. Duk wanda ya shigo ya ga hanyar da ta biyo, ya san a gidan nan ba ma ɓoye kowa, ba ma jin kunyar kowa. Truus ta samu nata, Linde ta samu nata. Wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi. Na ga Mama ta ɗaga nata, idonta ya yi ja. Na dubi allona a kan tebur, na ce a raina zai hau bango ke nan, Mama ba za ta yi kuka ba, kowa ya samu wani abu.

Na ɗaga hannuna.

Kada ku ce tilasta mini aka yi. Daɗi ma na ji. Ina fita na tura mata saƙo: "An gama. Sunanki zai hau bango." Ta amsa nan take: "Da gaske?? Har Truus?" Na ce, "Har Mama." Ta turo zuciya uku, sannan ta ƙara: "Dogo, ashe kana da baki." Yatsana ya tsaya a kan wayar. Wani abu ya ce in faɗa mata sauran. Sai na tuna ba a tona shirin liyafa, na mayar da wayar aljihu. Sati biyu da kwana huɗu ina da damar faɗa. Ban faɗa ba.

Juma'ar ta zo da yayyafi. Ƙarfe huɗu aka kashe injuna. An jera tebura, ga furanni, ga kek, ga yankan cuku da tsiran alade, ga ƙwallayen nama soyayyu da mastad mai yaji na dangwalawa, ga giya a bokitin ƙanƙara. Mutum ya kai arba'in, har da direbobi da masu sayen kaya da sababbin ma'aikatan da suka zo bana. Fiye da rabinsu ba su taɓa sanin Linde da wani suna ba.

Ta je gida ta canza. Ta shigo da doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni farare, wadda muka saya tare a kasuwar Delft, da 'yan kunnen azurfa masu siffar ganye. Ta saki gashinta. Ta kankare hannuwanta har koren ya kusa fita, sai a gefen farce. Tana riƙe da hannun mahaifiyarta, wadda sai bara ta fara iya kiranta da sunanta ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Siem ya yi fito. "Kai! Teun, rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

"Bar shi, Siem," ta ce. "Ba kullum yake ganin mace da hannu mai tsabta ba."

Kawu Arie ya yi jawabi mai kyau. Ya tuna shekarar da cuta ta kusa cinye mana shuka, Linde ta gano ta da wuri. Ya ce gidan nan na alfahari da ita. Sannan ya kama ƙyallen da aka rufe bangon da shi, ya ja.

Aka fara tafi. Ni fuskarta nake kallo. Murmushin bai gushe nan take ba, ya tsaya a wurin kamar an manta da shi. Idonta ya sauka a kan allona, ya hau sama, ya tsaya.

Wani sabon direba, baki cike da cuku, ya matsa ya karanta na saman da ƙarfi. Ya ce, "Wannan kuma wane ne? Ƙanenta?"

"A'a," in ji Siem cikin fara'a, yana ganin taimako yake yi. "Ita ce dai, da can."

"Au," direban ya ce. Ya dube ta tun daga 'yan kunne har takalmi. Ba da mugunta ba, kallo ne kawai. Na ga wasu biyu sun haɗa kai suna maimaita sunan a hankali, kamar masu ɗanɗana shi.

Tafin ya mutu. Mahaifiyarta ta sunkuyar da kai.

"Arie," Linde ta ce, muryarta daidai. "Wa ya yanke wannan?"

"Mu duka," ya ce, har da ɗan taƙama. "An yi taro. Babu wanda ya ƙi, ko mutum ɗaya."

Ta juyo gare ni. Ba ta tambaya ba. Ni kuma ban iya ɗaga ido ba, wannan ya ishe ta amsa.

Ta ce ta gode da kek, ta gode da furanni. Ta sumbaci mahaifiyarta a kumatu ta ce ta jira ta a mota. Ta fita ba tare da gudu ba.

A rumfar kekuna na same ta, tana tsaye, yayyafi na buga kwano.

"Linde, don Allah. Na zaci..."

"Me ka zata?"

"Kawu ya ce don a nuna ba a ɓoye ki ba."

"Ɓoyewa?" Ta nuna bakin ƙofa da hannu. "Ga fuskata can a hoto, girmanta kamar ƙofar gareji, duk mai wucewa a titi yana gani. Ni na yarda. Duk sabuwar da ta zo ta tambaye ni, ina zama in ba ta labari, abin da na ga dama, ranar da na ga dama. Wancan sunan ban ba kowa ba, Teun. Shekara huɗu na yi ina cire shi daga bakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Yau cikin minti ɗaya kun zuba shi a baki arba'in."

"Mama ta yi ta kuka a kan hannun Kaka."

"Na san Kaka. Shi ya ba ni aiki lokacin da babu wanda ke son ganina. Kana ganin ba na jin komai a kan allon nan? Da an tambaye ni, da na san abin da zan ce. Amma kun tura ni wurin ƙudan zuma, kuka zauna kuka ɗaga hannu a kan sunana kamar kuna zaɓen garin kofi." Ta goge ido da bayan hannu, baƙin kwallin ya biyo. "Sauran ban damu ba, iyakar saninsu ke nan. Kai na faɗa wa. A layi na sha huɗu, da bakina."

Na miƙa mata rigar ruwana, ba ta karɓa ba.

"Masu noman furanni na garin Naaldwijk sun daɗe suna nemana," ta ce. "Kullum ina cewa a'a, nan ne gida. Ranar Litinin zan kira su in ji."

"Ni fa?"

"Ban sani ba, Dogo. Yau ban sani ba."

Motar ta tafi. Na daɗe a wurin ina kallon sirdin kekenta yana jiƙewa a gefen da kwanon ke yoyo. Na ja shi ciki.

Da na koma, mutane sun watse, saura Mama tana tattara kofuna, da Kawu Arie zaune ya dafe kai. Na ɗauko sukudireba daga akwatin gyara na taka kujera.

"Teun," in ji Kawu. "Taro ne ya yanke. In za a canza sai an sake zama."

"Ba za a sake zama ba, Kawu. Tun farko ba namu ba ne."

Ban taɓa mayar masa da magana ba tunda aka haife ni. Ƙusoshin biyu suka fito da sauƙi. Na sauko na miƙa wa Mama allon. Ta goge hannunta a jikin siket kafin ta karɓa. Ta bi haruffan da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"A kan na ƙarshen gudumar ta suɓuce masa," ta ce. "Duba, ya buga sau biyu."

"Na gani, Mama."

Ta naɗe shi a tsumman goge kwano ta sa a jaka. Har ta kashe fitilu ba ta sake yi mini magana ba.

Na ɗauki hoton bangon na tura wa Linde. Allon da na buga shi kaɗai, da ramuka biyu a samansa. Ta buɗe saƙon. Ba ta amsa ba. Asabar na tura, "Na yi kuskure, ba ni da wata hujja." Ta buɗe. Shiru.

Lahadi na je gidan Mama don ban san inda zan je ba. Kawu bai zo ba. Mu biyu a kicin, kofuna biyu, agogon Kaka na bugawa. Ta buɗe gwangwani na ɗauki biskit ɗaya, ta rufe. Sai wayata ta yi motsi a kan tebur.

"Ina ƙofa. Ba wurinka na zo ba. Ka ce wa Truus na zo karɓar allon. Nawa ne, ni zan san yadda zan yi da shi."

Na miƙe har kujera ta kusa faɗuwa. Mama ta ja wayar, ta sa tabarau, ta karanta, bakinta na motsi. Ta hau sama. Na ji an ja durowa, aka daɗe ba a rufe ba. Ta sauko da ƙunshin a ƙirji, ta rungume shi da hannu biyu.

"Mama, bari in..."

"Zauna," ta ce. "Ka riga ka yi magana a madadinta sau ɗaya. Ni ma haka."

Ta tsaya gaban kabad. Ta ɗauko kofi na uku, ta riƙe shi tana kallo kamar ba ta san yadda ya zo hannunta ba, sannan ta ajiye a kan tebur. Ta cire murfin gwangwanin biskit, ba ta mayar ba. Ta fita ta ja mini ƙofar kicin.

Na ji ƙarar sakata, iska mai sanyi ta biyo ta ƙasan ƙofa ta taɓa ƙafata. Na kasa kunne. Sai na ji muryar Mama, a hankali, tana lallaɓa kalmar kamar mai taka ƙanƙara.

"Linde," ta ce.

Amsar ban ji ta ba. Ina zaune da hannuwana a kan gwiwa, ina kallon kofin da babu kowa a gabansa, ina sauraron ko takun ƙafa biyu ne zai dawo ko huɗu.